Gwajin lafiya kafin aure: muhawarar zaure kan kudirin Majalisar Kano da ya zama doka a 2024

Baban Ummi (admin): Assalamu alaikum jama'a. Na ga ana ta jefo maganar nan gutsi-gutsi a ƙarƙashin wasu sanarwoyi, shi ya sa na ce a ware mata wuri. Kudirin da ke gaban Majalisar Dokokin Jihar Kano ne, na tilasta wa masu shirin aure gwajin sikila, ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Ya tsallake karatu na biyu. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma ban da zagi, ban da maganar launin hula. Wanda ya kawo siyasar jam'iyya gogewa zan yi.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Ni tun kafin a yi nisa ina da tambaya. Dokar hana bara ta 2013 tana ina? A 2020 aka sake shelar hana barar. Ku fita ku tsaya a kowace danja a cikin gari ku ga abin da ya canza. Dokar ilimi kyauta kuma dole fa? Majalisarmu ba ta taɓa gajiya da rubuta doka ba. A rubuta, a ɗauki hoto, a watse.

Anti Nas: Ɗan Kwari, bar ni in fara da dalilin kudirin, sai mu dawo kan ƙorafinka. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato ya gaji jinin sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Mai AS lafiyarsa ƙalau, shi ya sa bai san yana ɗauke da komai ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai sikila, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA, wato wanda bai gaji komai ba. Ku lura, kowane ciki na ce. Mata da yawa suna ce mini ai ɗa na huɗu ne zai zo da cutar, don haka za su tsaya a uku. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Akwai gidan da 'ya'ya uku a jere suka zo SS, akwai gidan da suka haifi shida babu ko ɗaya.

Kuma don Allah a daina haɗa shi da rukunin jini. Wanda ya ce miki "ni O ne" bai gaya miki komai a kan sikila ba.

Hajiya Babba: Allah Ya yi miki albarka Anti Nas. Wannan na O ɗin ko a gidana an yi shi.

Malam Liman: Assalamu alaikum. Ni ina daga cikin waɗanda wannan doka za ta faɗo wa kai tsaye, domin a hannunmu ake ɗaura auren. Ba na adawa da gwaji. Tambayoyina biyu ne, kuma ina so Barista ya amsa. Na farko, aure a shari'a yana ƙulluwa da waliyyi, shaidu, sadaki da siga. Idan aka ɗaura babu takardar asibiti, majalisa za ta ce auren bai ɗauru ba? Idan ta ce haka ta shiga hurumin da ba nata ba. Na biyu, ranar Juma'a bayan an sallame, wani lokaci aure biyar, shida suke jira, mutane cike da masallaci, kowa yana sauri. Aka miƙo mini takarda da turanci da hatimi. Ta yaya zan gane ta gaske daga ta bogi? Ni ban karanci likitanci ba.

Barista: Allah gafarta Malam, tambayar farko mai sauƙi ce. Majalisa ba ta da ikon warware abin da shari'a ta ƙulla. Abin da doka irin wannan take yi shi ne ta mayar da ɗaurawa ba tare da takarda ba laifi, ta sa masa hukunci. Auren yana nan, 'ya'ya na halas ne, gado yana nan, amma wani zai amsa tambaya a kotu. Wane ne wannan wanin, nan ne ya kamata mu zuba ido: ango ne, waliyyi ne, ko liman?

Bari in ɗan bayyana inda kudirin yake, don na ga wasu sun ɗauka an gama. Karatu na farko gabatarwa ce kawai. A karatu na biyu ake muhawara kan manufar kudirin gaba ɗaya. Daga nan sai kwamiti, inda ake bin sa sashe-sashe, ana gogewa ana ƙarawa. Sai karatu na uku, sai teburin Gwamna. Sashe na 100 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma majalisa za ta iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku. Matakin kwamiti shi ne lokacin da maganar talaka take da amfani. Bayan an sa hannu sai dai ƙorafi a rediyo.

Ɗan Kwari: Kwamiti? Barista, a watan Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki aka yi wa dokar masarautu karatu na ɗaya, na biyu, na uku, aka sa hannu. Idan suna son abu ba sa jiran kowa.

Baban Ummi (admin): Ɗan Kwari, ka fara.

Barista: Admin a yi masa afuwa, misalin yana kan hanya. Ai Babbar Kotun Jiha ta rushe dokar a Nuwamban 2019 saboda ba a bi ƙa'ida ba, sai da aka sake yin wata a Disamba. Darasin da za mu ɗauka kenan, ba maganar wa ya yi ba. Mu koma kan aure.

Abu Hanifa: Ni dai ina ganin wannan duk rashin tawakkali ne. Iyayenmu da kakanninmu sun yi aure babu gwaji. Cuta da lafiya na Allah ne. Yau an ce gwajin jini, gobe a ce sai ka nuna takardar albashi. Ana ta ƙara wa aure wahala alhali zina ba ta buƙatar takarda.

Malam Liman: Ɗana Abu Hanifa, jimlarka ta ƙarshe tana da nauyi, zan dawo kanta. Amma maganar tawakkali ba haka take ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, juyawa ya yi. Da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah muke gudu. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya, duk wanda ya karanta Risala ya san babin aibobin da ake mayar da aure saboda su: hauka, kuturta, albaras da cutar al'aura. Ashe malaman farko ba su ɗauki lafiyar ma'aurata abin wasa ba. Abin da ya canza shi ne a da sai an gani da ido, yanzu ana ganewa a jini kafin a shiga ɗaki. Kakanninmu kuwa sun binne yara da yawa da sunan amosanin jini da sanyin ƙashi, ba su san daga ina abin yake ba.

Abu Hanifa: Na karɓa Malam. Amma batun tsada yana nan.

Malamin Firamare: Yana nan daram, kuma ni a kansa zan yi magana. Ina koyarwa a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Doguwa. Ku da kuke cikin birni kuna da Asibitin Murtala, kuna da na Malam Aminu Kano, kuna da ɗakunan gwaji a kowane titi. Mu ƙaramin asibitin da ke kusa da mu gwajin zazzaɓin cizon sauro da awon ciki ake yi. Kafin saurayi ya ɗauki yarinya da wani nata su je inda ake gwajin sikila na gaske su dawo, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin babur kaɗai ya isa ya sa a sake shawara. Jihar nan ƙananan hukumomi 44 ne. Idan doka ta ce sai takarda daga asibitin da gwamnati ta amince da shi, to a gaya mana guda nawa ne a kowace ƙaramar hukuma, kuma wa zai biya.

In ba haka ba abin da zai faru na san shi. Za a tsallaka ƙauyen da ke maƙwabciyar jiha a ɗaura, a dawo da amarya da yamma. Ko kuma a ɗaura a zaure da dare, mutum biyar, babu sanarwa. Auren da aka ɓoye kuwa mace ce take cutuwa a cikinsa idan rigima ta taso.

Anti Nas: Malam, ka taɓo wani abu da yake damuna. Gwajin da ƙananan wurare suke yi, wanda ake ɗiga jini a duba ko ƙwayoyin sun lanƙwashe, ba ya bambance AS da SS, kuma ba ya kama AC, wani nau'in jinin gado ne daban, alhali AS da AC suna iya haifar SC, ita ma sikila ce. Wanda ake so shi ne na na'urar da take rarrabe nau'in jinin. Ko shi ma idan kayan aiki sun tsufa ko ma'aikaci ya yi sakaci ana samun kuskure. Na ga ma'aurata riƙe da takarda mai cewa AA, ga jariri SS a hannu. Har zargin banza ya shiga tsakaninsu kafin a maimaita gwajin a gano mijin AS ne. Doka da ta tilasta gwaji ba ta tilasta ingancin ɗakin gwaji ba, rabin aiki ta yi.

Ɗan Kwari: To ga shi nan. Takardar shaidar lafiya da ake nema wajen shiga makaranta ko ɗaukar aiki, wa bai san yadda ake samunta ba? Ko hawan jininka ba a aunawa. Wallahi sabuwar kasuwa za a buɗe wa wasu.

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni auren zumunci aka yi mana, ɗan wan babana ne. Babu wanda ya kawo maganar gwaji, don a lokacin ko sunansa ba mu sani ba. 'Ya'yanmu huɗu, biyu sikila ne.

Masu cewa tsada, ina so su san mene ne tsada. Idan sanyi ya shigo ba na barci. Yaro zai farka tsakar dare yana ihu ƙafarsa, bayansa, ƙirjinsa, ka rasa inda za ka taɓa shi. A tafi asibiti, a nemi jini, a nemi wanda zai bayar. Maganin da suke sha kullum ba ya yankewa, ga na hana zazzaɓi, ga Hydroxyurea da likita ya ɗora babban a kai, kuɗinsa kullum gaba yake yi. Babban ya maimaita aji saboda kwanciya. Mahaifinsu mutumin kirki ne, amma na ga yadda ciwon nan ya cinye masa jari. Abin da ya fi ciwo, dangi har yau cewa suke daga wajena ne, alhali jinin daga wajen mu biyun ne, kuma kakanmu ɗaya.

Ina son 'ya'yana, ba zan musanya su da kowa ba. Amma da an gwada mu, da ban yarda ba. Ni a ganina dokar ma ta yi sauƙi. A hana AS auren AS kawai, a huta.

Hajiya Babba: Allah Ya ba su lafiya, Ya saka miki da Aljanna 'yata.

Malamin Firamare: Amin. Na yi shiru.

Mai SS: Yaya Maman Sadiq, Allah Ya ƙara haƙuri. Ni ina cikin irin 'ya'yanki, na haura talatin, ina aiki, ina ciyar da kaina. Duk abin da kika faɗa mahaifiyata ta gani. Ina goyon bayan gwaji ɗari bisa ɗari. Amma ina tsoron kalmar "a hana". Yau ma da babu doka, da zarar an ji kai SS ne gidaje suke rufe ƙofa, ko da yarinyar AA ce, alhali SS da AA ba sa haifar mai sikila, duka 'ya'yan AS za su zo. Idan gwamnati ta fara rubuta wa zai auri wa, mutane ba za su karanta sashe-sashe ba. Abin da zai zauna a kansu shi ne masu sikila doka ta hana su aure.

Alhaji na Jidda: Ku bari in ba ku abin da na gani a nan. Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure tun 2004, na sikila da wata cutar jini ta gado, a 2008 aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau. Amma a kan sikila ba su hana auren ba. Idan sakamako ya nuna haɗari, za a tura ku wajen masu ba da shawara, a yi muku bayani, in kun nace a ɗaura. Wajibi shi ne ku sani. Kuma da farko da yawa sun ci gaba da aurensu duk da sakamakon, saboda an riga an kama ɗakin biki, an sayi zinare, dangi sun sani. Lokacin da ake yin gwajin shi ne matsalar.

Maman Sadiq: Alhaji wannan gaskiya ne. Idan an kai lefe, an yi wa yarinya jere, saura mako guda, wace uwa ce za ta ce a fasa? To a sa a doka a yi gwajin kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Anti Nas: Ko ma kafin nan. Sikila ba ta canzawa, gwaji ɗaya mai kyau ya isa har abada. A yi wa yara a sakandare, ko tun suna jarirai wajen rigakafi, a ba kowa katinsa. Saurayi da budurwa su san matsayinsu kafin zuciya ta kamu. Na ƙanjamau da ciwon hanta su ne suke buƙatar a yi kusa da aure, don mutum yana iya kamuwa yau gwaji bai nuna ba sai bayan makonni, har zuwa wata uku a wasu gwaje-gwajen. Cusa su duka a takarda ɗaya da wa'adi ɗaya kuskure ne.

'Yar BUK: Ni abin da ba a taɓo ba shi ne sirri. Sakamakon nan hannun wa zai shiga? Idan takardar da za a miƙa wa liman a gaban jama'a tana ɗauke da sakamako, to an gama da yarinyar. Mun san garin nan. Aka fasa aure bayan an dawo daga asibiti, babu mai cewa jininsu ne bai dace ba. Cewa za a yi an gano tana da ciwon zamani. Namiji zai nemi wata bayan wata biyu, ita kuwa sunan ya bi ta har ƙannenta.

Ciwon hanta ma haka. Mutane sun ɗauka ta hanyar banza kaɗai ake samunsa.

Anti Nas: Ƙanwata kin yi daidai. A ƙasashe irin namu yawancin masu ciwon hanta nau'in B tun suna yara suka samu, daga uwa wajen haihuwa ko ta kayan da ba a tafasa ba: askar wanzami, kaciya, cire belu, ƙaho, yankan farce. Kuma ba dalilin fasa aure ba ne. Idan ɗaya yana da shi, a yi wa ɗayan allurar rigakafi guda uku, jariri kuma a yi masa tasa a ranar da aka haife shi. Nau'in C yanzu ana warkewa da ƙwayoyi na kimanin wata uku. Mai ƙanjamau da yake shan magani yadda ya kamata har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa matarsa, kuma mace mai shan magani tana haihuwar lafiyayyen ɗa. Amma wa zai zauna ya yi wa iyaye wannan bayanin? Idan doka ba ta tanadi masu ba da shawara ba, sakamakon gwaji zai zama takardar saki tun kafin aure.

Barista: 'Yar BUK ta kawo abin da ya fi komai muhimmanci a wajena. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da ƙanjamau. Mafita mai sauƙi ce: takarda biyu. Sakamako na ma'auratan ne su biyu, a gaya musu a gaban ma'aikacin lafiya. Wadda za a kai masallaci ta ce kawai wane da wance sun yi gwaji, an yi musu bayani, ga lamba, ga hatimi. Liman ba ya buƙatar sanin abin da ke jinin kowa.

Akwai kuma wani ƙulli na lauyoyi. A jerin abubuwan da tarayya kaɗai take yi wa doka, abu na 61 shi ne aure, amma an cire auren Musulunci da na gargajiya. Wato jiha tana da iko a kan auren da Malam yake ɗaurawa, amma auren rajista da ake yi ƙarƙashin dokar tarayya, kamar yadda da yawa daga cikin 'yan uwanmu na Sabon Gari suke yi, sai an yi hattara da yadda aka rubuta sashen, in ba haka ba wani zai kai ƙara.

Hajiya Babba: Ni tambayata ta tsofaffi ce. Mai ƙara aure fa? An gwada shi da amarya, an samu yana da wani abu. Uwargida da take ɗaki shekara ashirin, wa zai gaya mata? Ko ita ba rai ba ce?

Ɗan Kwari: Hajiya kin jefo dutse a kasuwa.

Malam Liman: Hajiya ta yi tambayar da ta fi tawa. Babu cuta babu cutarwa, wannan ƙa'ida ce a addini. Wanda ya san yana da abin da zai cutar da iyalinsa ya ɓoye, yana da alhaki ko majalisa ta rubuta ko ba ta rubuta ba. Amma a aikace ban ga yadda za a sa wa ma'aikacin asibiti ya je ya buga ƙofar uwargida ba.

Anti Nas: Ba ma zuwa. Muna lallashin mutum ya kawo iyalinsa da kansa, mu taya shi faɗa. Wasu suna kawowa, wasu sai su canza asibiti.

Abu Hanifa: Malam ya ce zai dawo kan maganata.

Malam Liman: Ban manta ba. Duk abin da ya ƙara wa halas wahala ya sauƙaƙa haram, wannan haka yake. Shi ya sa nake cewa gwamnatin da ta wajabta ita ya kamata ta biya. Kuma an taɓa yi. Auren zawarawa da Hisbah ta fara a 2012, da auren gata na Oktoban 2023 da aka aurar da mutum 1,800 da matansu, ai sai da aka gwada kowa, kuma ba su suka biya ba. An samu waɗanda aka dakatar saboda sakamako, duniya ba ta tashi ba. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne hukuma ɗaya ce ta tara mutane, ta kai su asibiti, ta karɓi sakamako. Yanzu ana so a ɗauki wannan nauyin a ɗora wa limamin unguwa da ba shi da albashi.

Barista: To mu yi abin da ya fi surutu. Majalisar nan mutum 40 ne, kowa a zauren nan yana da wakili. Mu rubuta takarda shafi ɗaya zuwa ga kwamitin lafiya ta ofishin Kakakin Majalisa, Jibrin Falgore, kowa kuma ya tura wa ɗan majalisarsa. A nemi gwaji kyauta ko da rangwame a asibitocin gwamnati, a raba sakamako da takardar shaida, a fayyace wa hukunci zai hau, a ba da wa'adi kafin fara aiki. Sannan a nemi a fassara kudirin da Hausa a karanta a rediyo. Sashe na 97 ma ya yarda majalisar jiha ta yi aikinta da harshen mutanen jihar bayan turanci.

Ɗan Kwari: Namu tun ranar zaɓe lambarsa ba ta shiga. Amma rubuta, zan sa hannu, kada a ce ni na hana.

Maman Sadiq: Barista a saka maganar gwajin 'yan makaranta. Kuma ni har yanzu ina kan bakata a kan AS da AS, ko da ba za a rubuta ba.

Mai SS: Yaya, idan ƙanwata ce ni ma zan hana ta. A gida, ba a kotu ba.

*Mayu 2024*

Baban Ummi (admin): Na dawo da wannan zaren saboda labarin da ya fito. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu ranar 6 ga wata, dokar za ta fara aiki ranar 13. Ba za a ɗaura aure ba sai da takardar gwaji daga asibitin da gwamnati ta amince da shi. Wanda ya saɓa, tarar da za ta iya kai naira 500,000, ko ɗaurin shekara biyar, ko duka biyun. An kuma hana nuna wariya ga masu sikila, ciwon hanta da ƙanjamau.

Mai SS: Wannan na ƙarshen ya yi mini daɗi. Alhamdu lillahi.

Malamin Firamare: Mafi ƙarancin albashi a Mayun 2024 naira 30,000 ne. Tarar nan albashin wata goma sha shida ce da ɗoriya. Kuma mako ɗaya tsakanin sa hannu da fara aiki? A ƙauyenmu ko labarin bai kai ba.

Ɗan Kwari: Shekara biyar. Ku rubuta ku ajiye, ba za a ɗaure kowa ba. Hukuncin da ya yi tsanani da yawa shi ne wanda ba a zartarwa, don babu alƙalin da zai tura dattijon liman gidan yari saboda takarda. Sai dai ya zama abin tsoratar da wanda ba shi da kowa.

Maman Sadiq: Ko ba a ɗaure kowa ba, yanzu uban yarinya yana da bakin cewa a je asibiti ba tare da dangin ango sun ce an zarge su ba. Zai ce doka ce. Da babana yana da wannan hujjar a lokacinmu, da ta isa.

Malam Liman: Ni ina da aure biyu ranar Juma'a 17 ga wata, an sa ranar tun kafin azumi. Na aika wa waliyyan su je asibitin gwamnati a cikin makon nan. Ɗaya ya ce to, ɗayan ya ce zai nemi wani limamin. Barista, idan na karɓi takarda na ajiye kwafi, daga baya ta zama ta bogi, ina da laifi?

Barista: Allah gafarta Malam, ajiye kwafin, ka buɗe littafi ka riƙa rubuta sunan asibiti, kwanan wata da wanda ya kawo, waliyyi ya sa hannu. Wanda ya yi takardar bogi da wanda ya kawo ta su ne a gaba wajen amsa tambaya. Kada ka karɓi hoton waya, sai ta asali. Zan nemo cikakken kwafin dokar in saka a nan mu bi sashen hukuncin tare.

Anti Nas: Malam ka gaya wa na farkon su je da sassafe, su biyun tare, kuma su ce na aure ne don a haɗa musu duka gwaje-gwajen. Na sikila ba lallai ya fito a ranar ba, kada su bari sai Alhamis.